Inshorar Mota: Ba Mai Mota Kaɗai Ke da Laifi Ba, Malam

Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2025, da rundunar 'yan sandan Najeriya a ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ta fara matsa wa masu ababen hawa a kan takardar inshora, alƙaluma ba su huta ba. Wasu na tsine wa tsarin, wasu na yaba masa. A cikin masu yabon akwai wani ɗan'uwa marubuci da nake ganin mutuncinsa, wanda ya zarce yabon tsari ya shiga wanke kamfanonin inshorar mota tas, ya ɗora laifin komai a wuyan mai mota. Zan riƙa kiransa Malam. Da hujjojinsa nake da magana, shi kansa babu abin da ke tsakaninmu sai alheri.

Hujjojin nasa ba su da wuyar taƙaitawa. Ya ce naira dubu 15 a shekara ba wani kuɗi ba ne, idan aka rarraba ta ba ta kai naira 50 a rana ba, ga shi kuma tana ɗauke wa mutum biyan ɓarnar da ta kai naira miliyan 3. Ya ce ba kamfanoni ne suka yanka farashin ba, hukumar kula da inshora ta NAICOM ce, don haka mai ƙorafi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ya ce mu masu mota mu ne matsalar kanmu: muna sayen takardar jabu, ba ma karanta abin da muka sa wa hannu, ba ma neman diyya, kuma duk wanda yake sabunta inshorarsa shekara da shekaru bai taɓa tambayar farashi ba, to sabo turken wawa ne ya ɗaure shi. Daga ƙarshe ya aike mu Ingila da Amurka, inda a cewarsa ake biyan ninkin-ba-ninkin abin da muke biya ba tare da guna-guni ba, domin gasar kasuwa ta riga ta ladabtar da kamfanonin can, ba mai cutar wani.

Ba zan musa abin da yake gaskiya ba. Inshorar dole abu ce mai kyau a asalinta. An yi ta ne domin wanda mota ta buge, ko ta lalata wa dukiya, kada ya tashi a tutar babu don kawai direban da ya yi ɓarnar ba shi da ko sisi. Mu ma muna da namu sakacin, kuma duk wanda ya sayi takardar jabu da saninsa ya aikata laifi. Sai dai Hausawa da suka ce idan ɓera da sata daddawa ma da wari, ai ba su wanke ɓeran ba. Malam ya cika shafi guda da maganar daddawa, bai ce uffan a kan ɓera ba.

Mu fara da Ingilar da ya fi jingina da ita. A can aka wajabta inshorar mota tun 1930, kuma daga can ne Turawan mulkin mallaka suka kwaikwayo dokar da suka kafa mana a 1945. Kamfanonin inshora a Birtaniya ba su ƙirguwa da yatsu, ga shafukan intanet na kwatanta farashi, inda mutum zai ga tayin kamfanoni gommai kafin shayinsa ya huce. Da a ce gasa kaɗai tana hana cuta, da a can za a fara gani. To ga abin da hukumar da ke sa ido a kan harkokin kuɗi ta ƙasar, wato FCA, ta tarar bayan da ta fara bincike a 2018.

Sabon shiga ana yi masa farashi mai rahusa, wani sa'in ma har da faɗuwa ga kamfanin, don dai ya shigo hannu. Shekara na zagayowa sai a aiko masa da takardar sabuntawa, an ɗan ɗora wani abu a kai. Bai yi haɗari ba, bai sake mota ba, bai tashi daga unguwarsa ba. Idan ya yi shiru, baɗi a ƙara, baɗin baɗaɗa a sake ƙarawa. Da yawa daga cikin mutanen nan an riga an sa su a tsarin da inshora ke sabunta kanta, ana cire kuɗin kai tsaye daga katin banki, wanda kuwa ya so fita daga tsarin sai ya sha wahala. Abin da ya fi muni shi ne ƙarin ba a kan kowa yake sauka daidai ba. Kamfanoni sun sa kwamfuta tana yi musu lissafi iri biyu. Na farko shi ne wanda kowa ya sani: mene ne yiwuwar mutumin nan ya yi haɗari? Na biyu shi ne wanda ba a faɗa: mene ne yiwuwar ya gudu idan aka ƙara masa? Wanda lissafi ya nuna ba zai motsa ba, shi ake lafta wa.

A rahotonta na 2019, FCA ta ce a shekarar 2018 kaɗai, masu inshorar mota da ta gida kimanin miliyan 6 sun biya farashin da ya zarce ƙima, kuma da an yi musu matsakaicin farashin da ya dace da irin haɗarinsu, da fam biliyan 1.2 ta zauna a aljihunsu. A 2020 ta kawo misalin da ya fi saurin shiga kunne: inshorar motar da ake sayar wa sabon shiga a kan fam 285, ita ake sayar wa wanda ya haura shekara biyar da kamfanin a kan fam 370. Su wa aka fi yi wa haka? Tsofaffi, da waɗanda ba su saba da intanet ba, da waɗanda hidimar rayuwa ta hana su zaman kwatanta farashi, da waɗanda suka ɗauka cewa daɗewa da kamfani tana jawo rangwame. Waɗannan su ne mutanen da karin maganar Malam ta kira wawaye.

Akwai wani abu a tarihin nan da ya kamata Malam ya tsaya a kansa, domin maganin da yake ba mu an riga an gwada shi. Shi a ganinsa, a wayar wa mai mota da kai, shi ke nan. Daga Afrilun 2017 hukumar ta tilasta wa kamfanoni su riƙa rubuta kuɗin bara a gefen na bana a kan takardar sabuntawa, su kuma tunatar da wanda ya daɗe tare da su cewa yana iya neman tayi a wani wurin. An wayar da kan, cutar ba ta tsaya ba. Sai da aka kai ga haramci ƙarara: daga 1 ga Janairun 2022, kamfani ba shi da ikon yi wa mai sabuntawa farashin da ya wuce wanda zai yi wa sabon shiga irinsa da ya zo ta hanya ɗaya, kuma dole ne fita daga tsarin sabunta kai ya zama da sauƙi. Hukumar ta ƙiyasta cewa wannan zai rage wa jama'a asarar fam biliyan 4.2 cikin shekara goma. Ƙasar Ayalan ta bi sahu a Yulin 2022. Duk da haka, a Satumban 2023 kamfanin Direct Line, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin inshorar mota a Birtaniya, ya amince zai mayar wa abokan cinikinsa kimanin fam miliyan 30 da ya karɓa fiye da ƙa'ida a wajen sabuntawa. Ke nan ko bayan an kafa doka, sai da aka bi su da sanda.

Na san abin da Malam zai ce. Zai ce bayan haramcin ai garaɓasar da ake yi wa sababbin shiga ta ragu, masu yawon neman araha sun yi asara. Haka ne. Amma wannan ya nuna daga aljihun wa garaɓasar take fitowa tun farko. Tsohuwar da ba ta iya latsa waya ba ce take biya wa matashin da ya iya. Wannan ba ragin farashi ba ne da kamfani ya yi daga ribarsa, kuɗin wani aka ɗauka aka yi wa wani kyauta da shi.

Amurka ma ba ta tsaya wa Malam shaida ba. A can kowace jiha ce ke sa ido a kan inshorarta. Jihar Meriland ta haramta irin wannan lissafi na auna haƙurin abokin ciniki tun 2014, wasu jihohi da dama suka biyo baya. A Kalifoniya kuwa tun 1988 jama'a suka kaɗa ƙuri'a a kan dokar da ta hana kamfani ƙara farashi sai da amincewar hukuma, ta kuma ce abubuwa uku ne za su fi nauyi wajen yanka kuɗin inshorar mota: tarihin tuƙin mutum, nisan tafiyar da yake yi a shekara, da yawan shekarun da ya yi yana tuƙi. Ƙasar da ake kira uwar jari-hujja ke nan ba ta sakar wa kamfanonin inshora mara ba.

Dalili kuwa a fili yake. Kasuwar da mai saye yake da ikon juya baya ya tafi, ita ce gasa take iya gyarawa. Inshorar mota ba ta cikin wannan sahu. Doka ce ta kamo mai saye ta kawo shi, ɗan sanda na tsaye a bayansa. Wanda aka kawo wa ciniki da ƙarfin hukuma ba shi da bakin cewa a ƙyale shi da 'yancin kasuwa. Ko a fiƙihun da muka taso a kai, malaman Malikiyya sun yi magana a kan mai sayen da ya saki jiki da mai sayarwa, ya ce a sayar masa kamar yadda ake sayar wa mutane, domin bai san farashi ba. Sun ce tsawwala wa irin wannan mutum haramun ne, kuma yana da damar warware cinikin. Ba su kira shi wawa ba. Amanar da ya bayar ita ce ta ƙara wa mai sayarwa nauyi.

Yanzu mu dawo gida. Malam ya ce NAICOM ce ta yanka farashi, kamfanoni ba ruwansu. Gaskiya ne cewa sanarwar hukumar ta Disambar 2022 ce ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira dubu 5 zuwa dubu 15 daga 1 ga Janairun 2023, ta ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3, ta sa wa A-daidaita-sahu dubu 5, babur dubu 3, manyan motocin dakon kaya dubu 100. Amma ƙarin bai faɗo daga sama ba. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta NIA ta daɗe tana neman a yi shi, kuma ta yi maraba da shi da aka yi. Sannan a dubi wanda dokar ta kare. Abin da aka yi wa kamfanoni barazanar hukunci a kansa shi ne sayarwa ƙasa da farashin. Wato gasar da Malam yake yi mana wa'azi da ita, a nan an ma rufe ƙofarta ta ɓangaren da za ta amfani mai saye.

Ya ce dubu 15 ba kuɗi ba ne. Lokacin da aka yi ƙarin, mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 30 ne, sai a Yulin 2024 ya koma dubu 70. Rabin albashin wata ke nan a lokacin, kuma wata biyar bayan ƙarin aka cire tallafin man fetur. Amma bari mu ajiye wannan. Tsada da arahar inshora ba a auna ta da alƙawarin da aka rubuta a takarda, ana auna ta da abin da ake biya idan rana ta ɓaci. An ninka kuɗi sau uku, an ninka alƙawari sau uku. To diyyar da ake biya fa, ita ma ta ninka? A duk tsawon rubutun Malam babu adadi ko ɗaya na abin da kamfanoni suka biya wa waɗanda aka buge a kan inshorar dole. Ya san abin da aka karɓa, ya yi shiru a kan abin da aka mayar. A 2023 ne kuɗin da masana'antar inshora ta ƙasar nan ta tara a shekara ya haura naira tiriliyan 1 a karon farko. Wanda ke murnar wannan adadi ya kamata ya zo da ɗan'uwansa.

Ga kuma wani gibin. Farashin nan bai san kowa ba. Malamin makarantar da ya yi ritaya a Gumel, wanda motarsa ba ta wuce masallaci da kasuwa da gidan suna, shekara ashirin bai taɓa gogar katangar kowa ba, dubu 15 zai biya. Matashin da ya karɓi lasin jiya yana tsere a titunan Legas, dubu 15 zai biya. Babu ragi ga mai kiyayewa, babu ƙari ga mai ganganci. A Birtaniya laifin da aka kama kamfanoni da shi shi ne ba su tsaya ga auna haɗari ba, sun ƙara da auna haƙurin mutum. A nan ba a ma auna komai. Sakamakon dai ɗaya ne: mai natsuwa ke ɗaukar nauyin wani, kuma shekara nawa ya yi yana sabuntawa ba ta ƙara masa komai.

Yadda ake sabuntawar ma abin dubawa ne. Duk wanda ya taɓa zuwa ofishin sabunta takardun mota ya san yadda abin yake. Kafin ka kashe mota, wani ya riga ya tsaya a bakin taga da faifan takardu a hammata. Ka miƙa masa tsofaffin takardu, ya faɗa maka kuɗi dunƙule guda, ya ce ka dawo bayan la'asar. Ka dawo ya miƙo maka su an maƙale da ƙusa: lasin mota, takardar lafiyar mota, sai ta inshora a can ƙasa. Ba kai ka zaɓi kamfanin ba. Bara wani suna ne a kai, bana wani ne. Ba a ba ka sharuɗɗan yarjejeniyar ba, falle ɗaya ne kawai, da Turanci, babu wanda ya gaya maka wa za ka kira idan ka bugi wani. Malam ya ce ba ma karantawa. Me aka ba mu da za mu karanta? Kuma ba dukkan waɗannan takardu ne na jabu ba. Da yawa na gaske ne, daga kamfanoni masu rajista waɗanda suka zaɓi su sayar ta hannun 'yan kamasho, domin ta nan ciniki yake shigowa ba tare da an yi wa kowa bayani ba.

Batun jabu kuwa, na yarda kamfanoni na gaskiya suna asara da shi. Ƙungiyarsu ta sha faɗa cewa daga cikin motoci kimanin miliyan 12 da ke kan titunan ƙasar nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da inshora ta gaske a rumbun bayanansu na NIID. Amma Malam bai tambayi abin da ya sa jabun ya samu kasuwa haka ba. Dalilin shi ne a idon direba, ta gaske da ta jabu aikinsu ɗaya: a nuna wa ɗan sanda ko jami'in VIO a wuce. Bai taɓa ganin maƙwabcinsa ya amfana da ta gasken ba, to don me zai biya kuɗi mai yawa a kan abin da bai ga bambancinsa ba?

A tsaya a kowane shataletale a Kano ko Kaduna a ga yadda ake ƙarewa idan mota ta daki mota. Direbobi biyu su fito, kowa na nuna fitilarsa da ta fashe. Jama'a su taru, a yi ta ba da haƙuri, a ce tsautsayi ne, a gode wa Allah da ba a rasa rai ba. Wani dattijo ya shiga tsakani, a ɗunguma zuwa wajen mai gyaran jikin mota, a yi ciniki, mai laifi ya cire abin da ke aljihunsa, ragowar ya yi alƙawarin ƙarshen wata. A cikin motocin nan biyu akwai takardar inshora a aljihun gaba, kuma babu wanda ya ambace ta. Wanda ya yi ƙoƙarin bin hanya kuwa, sai ya nemo rahoton 'yan sanda, da ƙiyasin bakanike, da hotuna, ya jira mai duba ɓarna, ya yi ta aika saƙo zuwa wani ofishi da galibi yake Legas ko Abuja, motar da yake ci da iyali da ita tana ajiye. Duk direban da ya haƙura ya biya daga aljihunsa, kuɗin da ya kamata kamfani ya fitar ne ya zauna wa kamfanin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shin Malam ya taɓa ganin kamfanin da ya zuba kuɗin talla a rediyo da Hausa yana kiran mutane su zo su karɓi diyya, kamar yadda ake kiran su su zo su biya?

Dubi kuma yadda ma'aunin yake karkata. Ƙa'idar da ta ce in babu biya babu kariya, wadda ke cikin dokar inshora ta 2003, an tsaurara ta tun 2013. Idan takardarka ta ƙare jiya ka yi haɗari yau, ba ka da komai, ba a yi maka uzurin kwana ɗaya. Amma ita wannan dokar, kafin a maye gurbinta a 2025, ta ba kamfani har kwana 90 ya biya diyya. Mai mota ana lissafa masa sa'o'i, kamfani ana lissafa masa watanni.

Masu cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da ɓarnar motar mutum kansa da sata da gobara, su ma ba su tsira ba, kuma a wajen sabuntawa ne aka fi barin su a duhu. Sanarwar 2022 ta ce kuɗinta ba zai yi ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar mota ba, bayan an cire duk wani rangwame. Ke nan ragin da aka saba yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba an yi masa iyakar da ba zai ƙetare ba, komai kyawun tuƙinsa. Sannan ga faɗuwar naira. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500, farashin motoci da kayan gyara ya bi ta. A ƙaddara mutum ya yi wa motarsa inshora a kan naira miliyan 4 kafin wannan faɗuwa, yana biyan dubu 200 duk shekara, ana sabunta masa a kan tsohon adadin ba tare da an ja hankalinsa ba, alhali yau motar ta kai miliyan 10. Idan aka sace ta, ba zai ga abin da ya wuce miliyan 4 ba. Idan kuma yarjejeniyarsa tana da sharaɗin nan na biya gwargwadon darajar da aka rubuta, gyaran miliyan 2 zai koma dubu 800, kafin a cire kason farko da ake barin wa mai mota. Idan akasin haka ne, motar ta tsufa darajarta ta faɗi amma ana ta karɓar kuɗi a kan tsohon adadi mai yawa, ranar biya sai a ce farashin kasuwa za a bi. Ta kowane ɓangare kuskuren ya faɗa, ba a kan kamfani yake faɗawa ba. Wa ya fi sanin wannan tarko, kamfanin da ya rubuta sharaɗin ko ɗan kasuwar Kwari da ya sa hannu?

Hujjar cewa ana iya yin abin da ya fi haka tana nan cikin gida. Tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a 2016 ta ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful lasin aiki. A wannan tsari, idan shekara ta ƙare aka biya diyya aka samu rara a asusun mahalarta, ana raba wani kaso ga waɗanda ba su nemi diyya ba. Ba ina cewa takaful ba ta da nata matsalolin ba ne. Abin da nake nunawa shi ne rarar nan tana wanzuwa, kuma akwai hanyar da mai kiyayewa zai ga amfanin kiyayewarsa. Malam bai ko ambaci wannan tsari ba, alhali da yawa daga cikin masu karanta shi abin da ya fara hana su kusantar inshora shi ne shakkar halaccinta.

A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin da ke irin wannan inshora daga naira biliyan 3 zuwa biliyan 15. Wannan zai taimaka wajen kawar da kamfanonin da ba su da ƙarfin biya. Amma yawan jari ba ya sa kamfani ya yi wa mutum bayani, domin kamfanonin Birtaniya da aka kama ba talakawa ba ne. Abin da ya rage aikin NAICOM ne da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, kuma ba abu ne mai wuya ba. A wajabta wa kowane kamfani ya wallafa duk shekara abin da ya karɓa da abin da ya biya a kan inshorar dole, jiha-jiha, kowa ya gani. A wajabta aika saƙon waya ga mai mota kafin takardarsa ta ƙare, da harshen da yake ji, ɗauke da kuɗin bara da na bana da darajar da aka rubuta wa motarsa, tare da gargaɗi idan darajar ta yi nisa da ta kasuwa. Duk wanda ya sayi inshora, saƙon tabbaci ya shigo masa daga rumbun NIID nan take, da lambar da zai kira ranar haɗari. A sa ragi ga wanda ya shekara biyu ko uku bai yi ɓarna ba. A buɗe gajeriyar hanya ta biyan ƙananan diyya cikin 'yan kwanaki, ba sai an je Legas ba.

Kai kuma mai mota, kada ka jira su. Ka duba lambar motarka a rumbun NIID kafin ka bar wajen da ka biya. Ka tambayi sunan kamfanin, ka nemi cikakken sharuɗɗan. Ranar da tsautsayi ya faɗa, ka sanar da kamfanin kafin ka zura hannu a aljihu, idan ya yi maka wasa ka kai ƙara sashen ƙorafi na NAICOM. Haƙƙinka ne, ba roƙo ba.

Malam, ba na neman a soke inshorar dole, kuma ba na cewa duk mai aikin inshora macuci ne. Abin da nake cewa shi ne ƙasashen da ka kafa hujja da su sun bincika, sun kama kamfanoninsu da hannu dumu-dumu, sun kafa musu doka, har sun sa su mayar da kuɗi. Mu a nan an tsaurara wa mai biya, ba a tsaurara wa mai karɓa ba. Idan ɗan sanda zai tsare direba a titi ya tambaye shi takarda, to wajibi ne hukuma ta tsare kamfani a ofis ta tambaye shi diyya nawa ya biya. Ka sa alƙalaminka a wannan kiran, za ka same mu a bayanka.